'Yan fashin teku na farkon ƙarni na 18: masu tawaye ga zalunci ne ko ɓarayi?

Bazazzagi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya nake da ita ga malaman tarihi da ke cikin wannan zaure. Akwai ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin matasanmu masu karatun tarihin Turai, wai 'yan fashin da suka addabi Tekun Atlantika daga 1715 zuwa 1726 talakawa ne da zaluncin masu jirage ya ishe su, suka yi tawaye, suka kafa wa kansu tsarin da kowa yake da ta cewa a cikinsa, har ma suna 'yanta bayin da suka tarar a jiragen da suka kama. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba, domin wanda ya tare ka da makami ya ƙwace dukiyarka ɗan fashi ne, a tudu ya tare ka ko a ruwa. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mana gaskiyar lamarin.

Malam_Mai_Tarihi
Wa alaikumus salam, Malam Bazazzagi. Kafin a yanke musu hukunci, ya kamata a san inda suka fito. Daga 1701 ƙasashen Turai suka shiga yaƙi kan wanda zai gaji sarautar Sifen, kuma a cikin wannan yaƙi gwamnatin Ingila ta riƙa bai wa masu jirage masu zaman kansu takardar izinin su kama jiragen Faransa da na Sifen, su raba ganimar tsakaninsu da hukuma. Dubban mutane sun shafe shekara 10 ko fiye ba su da wata sana'a sai wannan. Da aka ƙulla sulhu a Utrecht a 1713, sai izinin ya faɗi, rundunar ruwan Ingila kuma ta rage mutanenta daga kusan 50,000 zuwa ƙasa da 14,000 cikin 'yan shekaru. Ma'aikatan jirgi suka yi yawa a tashoshi, albashi ya karye, masu jirage suka samu damar wulaƙanta duk wanda suka ɗauka, tunda in ya tafi akwai wasu a layi.

Ana cikin haka ne, a ƙarshen watan Yuli na 1715, guguwa ta nutsar da jirage 11 na Sifen ɗauke da azurfa a gaɓar Florida. Labari ya kai Jamaika, mutane irin su Henry Jennings suka fita suka far wa sansanin da Sifaniyawa suka kafa don tsamo dukiyar, suka kwashe abin da aka riga aka tsamo. Daga nan da yawansu ba su koma gida ba, suka tare a Nassau da ke tsibiran Bahamas, inda babu gwamna babu soja. Saboda haka sarakunan Turai ne suka koya musu wannan aiki, suka kuma biya su a kansa, kafin daga baya su rataye su saboda shi.

Uwar_Ɗalibai
Na gode wa Malam da wannan shimfiɗa. Zan ƙara da abin da ya sa matasan da Malam Bazazzagi ya ambata suke ganin mutanen nan da ƙima. Wani littafi da aka buga a Landan a 1724 da sunan Kyaftin Charles Johnson ya kawo dokokin da mutanen Bartholomew Roberts suka yi rantsuwa a kansu. Kowane mutum yana da ƙuri'a ɗaya a duk babbar shawara. Kyaftin da mai kula da rabon ganima suna ɗaukar kashi 2 kowannensu, sauran manya suna ɗaukar kashi ɗaya da rabi ko ɗaya da kwata, kowa kuma kashi ɗaya. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki ana ba shi sulallan azurfa 800 daga asusun jama'a. An hana caca da kuɗi, an hana faɗa a cikin jirgi, ana kashe fitilu da ƙarfe 8 na dare. Shi kansa kyaftin zaɓensa ake yi, ana kuma iya tsige shi, ikonsa bai cika ba sai a lokacin artabu. A zamanin da kyaftin na jirgin fatauci yake iya zane ma'aikaci da bulala har ya sume babu mai tambayarsa, wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne, kuma dole mai adalci ya yarda da hakan.

Ɗan_Zangon_Kumasi
Malama, wannan Roberts da kika ambata a nan ƙasarmu Ghana labarinsa ya fara, a nan kuma labarin mutanensa ya ƙare. A 1719 yana aiki ne a wani jirgin cinikin bayi mai suna Princess, wanda ɗan fashi Howell Davis ya kama a Anomabu. Bayan 'yan makonni aka kashe Davis a tsibirin Principe, mutanen jirgin suka zaɓi Roberts ya gaje shi, ya kuma kama jirage kusan 400 kafin mutuwarsa. Na taɓa raka ɗaliban makarantar Islamiyyar unguwarmu zuwa gidan bayi na Cape Coast, mun shiga kurkukun da ke ƙarƙashin ƙasa inda ake tara maza kafin a loda su a jirgi, wurin da babu iska babu haske sai ɗan ƙaramin rami a sama. A wannan gida ne aka yi wa mutanen Roberts shari'a a 1722, aka rataye 52 daga cikinsu. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne, alƙalan suna zaune a sama suna hukunta mutane saboda sun saci kayan jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu akwai mutanen da aka sace su kansu, kuma doka ba ta ga laifin kowa a kan hakan ba.

Bazazzagi
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa na Kumasi. Wannan ya kawo mu kan ɓangare na biyu na tambayata. Shin gaskiya ne 'yan fashin suna 'yanta bayi?

Bakatsiniya
Malam Bazazzagi, zan ba ka misali biyu ka auna da kanka. A watan Janairu na 1722 Roberts ya shiga tashar Wida, wadda take cikin Jamhuriyar Benin a yau, ya tarar da jiragen bayi 11, ya sa wa kowanne kuɗin fansa na garin zinariya. Duk suka biya sai kyaftin na wani jirgi mai suna Porcupine. Mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ciki, an ɗaure su bibbiyu da sarƙa. Wanda ya tsaya wuta ta ci shi, wanda ya faɗa ruwa ya nutse ko kifayen teku suka yayyaga shi. Waɗanda suka yi wannan aiki su ne dai masu ƙuri'a ɗaya ɗaya da Malama ta yi bayaninsu.

Na biyu shi ne Edward Teach, wanda aka fi sani da Blackbeard. Babban jirginsa asalinsa jirgin bayi ne na Faransa mai suna La Concorde, daga birnin Nantes, wanda ya yi lodi a Wida. Teach ya kama shi a watan Nuwamba na 1717 kusa da Martinique da bayi fiye da 400 a ciki. Ya riƙe wasu, ya sauke mafi yawansu tare da Faransawan a tsibirin Bequia, ya kuma bar wa Faransawan ƙaramin jirgi, wanda da shi suka kwashe bayin zuwa Martinique aka sayar. Jirgin yake so, saboda jiragen bayi suna da gudu da faɗin ciki da wurin ɗora igwa. Ga bawan da ke cikin jirgin, lamarin gaba kura ne baya siyaki.

Mai_Nazari
Yaya Bakatsiniya, ban musa ko ɗaya daga cikin misalanki ba, amma ba su ne dukan labarin ba. Baƙaƙen fata da yawa sun yi aiki a jiragen 'yan fashi da makami a hannunsu, wasunsu bayi ne da suka gudo daga gonakin rake na Karibiyan, wasu kuma ma'aikatan jirgi ne 'yantattu. A cikin mutanen ɗan fashi Sam Bellamy akwai su, a cikin na Teach akwai su, har an rataye wasu daga cikinsu a Virginia bayan mutuwarsa. Wurare kaɗan ne a duniyar Turawa ta wancan lokaci da za a damƙa wa baƙar fata bindiga a kuma raba ganima da shi kamar a irin waɗannan jirage.

Sannan a duba yadda suke yi da kyaftin ɗin da suka kama. Sukan tara ma'aikatansa su tambaye su yadda yake riƙe da su. William Snelgrave, wanda aka kama a bakin kogin Saliyo a watan Afrilu na 1719, ya rubuta da hannunsa cewa ana gab da kashe shi mutanensa suka ɗaga murya suka ce ba su taɓa aiki da mutumin kirki kamarsa ba, wannan ne ya tsirar da ransa. Ɓarawon da dukiya kaɗai ta dame shi ba zai tsaya yin wannan tambaya ba.

Bakatsiniya
Ƙanena Mai_Nazari, wane irin jirgi Snelgrave yake tuƙawa? Jirgin bayi ne. An tambayi Turawan da ke aiki a ƙarƙashinsa, suka ce mutumin kirki ne, aka sake shi, ya koma ya ci gaba da cinikin mutane shekara da shekaru. Adalcin da kake magana a kansa adalci ne tsakanin ma'aikatan jirgi da shugabanninsu, bai sauka zuwa cikin jirgin inda ake ɗaure mutane ba. Game da baƙaƙen da suka riƙe makami, na yarda akwai su, amma akwai kuma waɗanda aka riƙe domin kwarfar ruwa da sauran aikin wahala, da waɗanda aka ajiye a matsayin haja har a samu mai saye.

Tsohon_Matuƙi
'Ya'yana, ku bari wanda ya ci abinci a kan ruwa ya sa baki. Na yi aiki a jiragen dakon kaya tsakanin Legas da tashoshin Afirka ta Yamma har ƙarfina ya ƙare, kuma ina gaya muku, ko a wannan zamani da ake da waya da dokokin ƙwadago, da zarar jirgi ya bar gaɓa kyaftin shi ne sarki, shi ne alƙali. Na taɓa aiki a ƙarƙashin wani da yake rage mana abinci da ruwan sha, ya kuma riƙe albashinmu watanni, ba mu da inda za mu kai ƙara sai mun sauka. To ku kwatanta da mutanen da suke tafiyar watanni a jirgin katako, abincinsu busasshen biskit mai tsutsa da naman da aka jiƙa da gishiri, haƙoransu suna zubewa saboda rashin ɗanyen abinci. A jiragen bayi sau da yawa ɗaya cikin biyar na ma'aikatan ba ya komawa gida, zazzaɓi da atini suke kashe su a gaɓarmu. Shi ya sa idan 'yan fashi suka kama jirgi a nan, ba sa rasa masu binsu da son ransu.

Amma kuma na san tsoron da ke kama mutum idan ya hango ƙaramin jirgi yana bin sa da dare. A 2020 ma'aikata 130 aka sace a Mashigin Tekun Gini, kuma kusan dukansu talakawa ne masu neman abin da za su aika wa iyali. Na ƙarni na 18 ma haka suke, wanda suka fi cutarwa shi ne ƙaramin ma'aikaci. Kafinta da likita da mai sanin hanya, ko suna so ko ba sa so, tilas ake tafiya da su, domin jirgi ba ya rayuwa sai da su. Wasu an azabtar da su don su faɗi inda aka ɓoye kuɗi. Mai jirgin yana zaune a Landan ko Bristol, wataƙila ma ya yi wa kayansa inshora.

Almajirin_Fiƙihu
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ta fuskar shari'a tambayar Malam Bazazzagi ba ta da wuya. Wanda ya fito da makami ya tare hanya ya tsorata matafiya, hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 33, kuma malamai ba su ɗauki zaluncin da aka yi wa mutum a matsayin hujjar ya zalunci wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin lura shi ne aya ta 34, wadda ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a kama su. A mazhabarmu ta Malikiyya tubar tana kawar da haddi, amma haƙƙin mutane na jini da na dukiya yana nan a wuyansa. Na ji an ce Sarkin Ingila ma ya yi musu afuwa. Ina so Malam_Mai_Tarihi ya faɗa mana ko afuwar ta haɗa da mayar wa mutane kayansu.

Malam_Mai_Tarihi
Malam Almajiri, afuwar da Sarki George na Ɗaya ya shelanta a watan Satumba na 1717 ta bai wa duk ɗan fashi wa'adin shekara guda ya miƙa wuya a gaban wani gwamna, a yafe masa abin da ya wuce. A aikace da yawansu sun karɓi takardar sun kuma riƙe abin da suka tara, waɗanda aka yi wa fashi ba su ga komai ba. Woodes Rogers, wanda shi kansa ya yi suna ne da kama jiragen Sifen da izinin hukuma, ya isa Nassau a matsayin gwamna a watan Yuli na 1718. Ɗaruruwa suka karɓi afuwa a hannunsa. Benjamin Hornigold, wanda a ƙarƙashinsa Teach ya fara, ya karɓa ya koma farautar tsofaffin abokansa. Charles Vane ya ƙi, ya cinna wa wani jirgi wuta ya tura shi cikin jiragen gwamna, ya tsere. A watan Disamba na shekarar Rogers ya rataye mutum 8 da suka karɓi afuwa suka koma ruwa.

Labarin Teach ya fi nuna yadda abin yake. A watan Mayu na 1718 ya toshe tashar Charleston da ke Amurka a yau kusan mako guda, ya yi garkuwa da manyan gari, abin da ya nema kuwa akwatin magani ne. Bayan 'yan makonni ya je wurin Charles Eden, gwamnan North Carolina, ya karɓi afuwa, ya zauna a garin Bath, sannan ya fita ya kamo wani jirgin Faransa ɗauke da sukari ya ce tsintarsa ya yi a teku babu kowa a ciki, kotu ta yarda, aka raba sukarin har da gwamna. Gwamnan Virginia, Alexander Spotswood, shi ne ya tura Laftanar Robert Maynard ya kashe shi a Ocracoke ranar 22 ga Nuwamba 1718. Ɗan fashin teku ba ya cin sukari da yadi da ya sata, sai ya samu mai saye a tudu, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne ko da yana sanye da rigar gwamna.

Ɗan_Damagaram
Ina biye da ku tun farko, na kuma ƙaru. Sai dai ina tambayar kaina, mu da muke nesa da teku, a lokacin da ake wannan abu fataucinmu ta Sahara yake bi da raƙuma. Akwai wani abu da ya haɗa ƙasar Hausa da wannan labari kuwa?

Ɗan_Kurmi
Akwai, Malam na Damagaram, kuma shi ne kuɗin wuri. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, wato daidai shekarun da muke magana a kansu. Asalin wurin daga tsibiran Maldives ne a Tekun Indiya. Jiragen Holan da na Ingila suna ɗauko shi zuwa Amsterdam da Landan, daga can a loda shi a jiragen bayi zuwa Wida da maƙwabtanta, inda shi ne kuɗin da ake sayen mutane da shi, sannan ya biyo hannun fatake ya yi arewa. Jiragen da Davis da Roberts suke tarewa a gaɓar Gini irin kayan da suke ɗauke da shi ke nan, tare da yadi da bindigogi da albarushi da ƙarfe. Ban ce kakanninmu sun san sunan Roberts ba, amma kuɗin da suka fara ƙirgawa a kasuwa a wancan zamani ta ruwan da yake fashi a kai wani kaso nasa ya biyo.

Alhajin_Fagge
Ni abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne abin da Henry Every ya yi wa mahajjata. Ya tare babban jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb mai suna Ganj-i-Sawai yana dawowa daga Bahar Maliya zuwa Surat, cike da mutanen da suka sauke farali. Mutanensa sun yi kwanaki suna azabtar da maza, suna keta haddin mata, har wasu matan suka faɗa teku don su tsira da mutuncinsu. Duk wanda zai kira irin waɗannan masu neman 'yanci, to ya fara karanta wannan tukuna. Ina ganin shi ma a cikin shekarun da ake magana ne.

Malam_Mai_Tarihi
Alhaji, abin da ka faɗa ya faru, amma a watan Satumba na 1695 ne, shekara 20 kafin zamanin Nassau. Duk da haka yana da alaƙa da maganarmu ta hanya biyu. Aurangzeb ya rufe wuraren cinikin kamfanin Ingila mai fatauci da Indiya a ƙasarsa, ya tsare ma'aikatansa, wannan ne ya sa gwamnatin Landan ta gane cewa fashin da take kawar wa kai yana iya karya mata babban ciniki. Cikin 'yan shekaru aka yi dokar da ta ba da damar a yi wa ɗan fashi shari'a a kowane yanki da Ingila take mulka, ba sai an kai shi Landan ba, kuma da wannan doka aka zauna a Cape Coast a 1722. Hanya ta biyu ita ce, ba a taɓa kama Every ba, labarinsa ya zama abin kwaɗayi ga ma'aikatan jirgi na bayansa. Wasu sun bi sawunsa zuwa Madagaska, kamar John Taylor da Olivier Levasseur, waɗanda a watan Afrilu na 1721 suka kama wani babban jirgin Fotugal a tsibirin Reunion ɗauke da lu'ulu'u da tsohon wakilin sarkinsu a Goa da ke Indiya.

Uwar_Ɗalibai
Tunda Alhaji ya kawo maganar Musulmi da aka zalunta, adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. A daidai wannan zamani jiragen Sale a Maroko da na Aljiyas da Tunis da Tarabulus suna kama jiragen Turawa, suna sayar da mutanen ciki ko su riƙe su sai an biya fansa, kuma Sarki Maulay Isma'il ya yi amfani da irin waɗannan kamammu a gine-ginensa na Meknes. Mayaƙan Malta su ma haka suke yi wa jiragen Musulmi. Kowane ɓangare yana da izinin sarkinsa, yana kuma kiran na ɗaya ɓangaren ɓarayi. Haka ma Kanhoji Angre a gaɓar yammacin Indiya, wanda Ingilishi suke kira ɗan fashi, alhali shugaban rundunar ruwan daular Maratha ne yana karɓar haraji a ruwan ƙasarsa har ya rasu a 1729. Abin da ya raba su Roberts da duk waɗannan shi ne ba su da sarkin da ya tsaya musu, shi ya sa kowace ƙasa ta halatta jininsu.

Mai_Nazari
Maganar Malama ta ƙarshe ita ce nake ta ƙoƙarin faɗa. Ban ce waliyyai ba ne. Na ce a cikin duk masu ƙwace a teku a wancan zamani, su ne kaɗai suke raba abin da suka samu kusan daidai a tsakaninsu, su ne kuma kaɗai aka rataye. William Fly, da za a rataye shi a Boston a watan Yuli na 1726, bai nemi gafarar alƙalai ba, sai ya gargaɗi masu jirage da su biya ma'aikata haƙƙinsu su daina musguna musu, domin muguntarsu ce take mayar da mutane 'yan fashi. Mutumin da igiya take wuyansa ba shi da abin da zai samu da wannan magana.

Bakatsiniya
Fly da mutanensa kuwa jefa kyaftin ɗinsu da mataimakinsa suka yi cikin teku da ransu. Koke na gaskiya yana iya fitowa daga bakin mai kisan kai, kuma gaskiyar koken ba ta wanke kisan.

Bazazzagi
Ɗan'uwa na Kumasi, ka ce an rataye 52. Sauran fa, musamman baƙaƙen da Mai_Nazari ya ce suna cikinsu, me aka yi da su? Kuma yaya aka yi jirgi ɗaya ya gama da mutumin da ya kama jirage 400?

Ɗan_Zangon_Kumasi
Malam Bazazzagi, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow, mai igwa 50, a ƙarƙashin Kyaftin Chaloner Ogle, shi ne ya same su a Cape Lopez da ke Gabon a yau. Da farko ya yi kamar jirgin fatake ne da ke tserewa, ɗaya daga cikin jiragen Roberts ya bi shi har suka yi nisa, sai ya juyo ya kama shi. Bayan kwana 5, ranar 10 ga Fabrairu 1722, ya dawo ya tarar da mafi yawan mutanen Roberts a buge da giya. Harbin igwa ya samu Roberts a maƙogwaro, mutanensa suka jefa gawarsa a ruwa kamar yadda ya yi wasiyya, ba a jima ba suka miƙa wuya. An kama fiye da mutum 260. Kotu ta sallami 74 da ta gamsu tilasta musu aka yi, ta tura 17 kurkuku a Landan, ta mayar da 20 ma'aikatan ƙarfi na kamfanin cinikin Afirka na Ingila na tsawon shekara 7. Baƙaƙen fata fiye da 60 da aka kama tare da su ba a ko tsayar da su gaban alƙali ba, ba a tambaye su ko 'yan fashi ne ko kamammu ba, sayar da su aka yi. Ogle kuwa Sarkin Ingila ya ba shi sarautar girmamawa, kuma bayan wannan shekara jiragen bayi suka ci gaba da zirga-zirga a gaɓarmu, yawan mutanen da ake kwasa ya ƙaru a shekarun da suka biyo baya.

Tsohon_Matuƙi
Zan ƙara wa ɗana na Kumasi dalilin da ya sa aka same su a wuri ɗaya. Jirgin katako a ruwa mai ɗumi ba ya wuce 'yan watanni sai ciyawa da ƙananan halittun ruwa sun manne a gindinsa, gudunsa ya ragu, tsutsa kuma ta fara cin katakon. Dole a kai shi wuri mai yashi, a sauke igwa da kaya, a karkata shi gefe, a kankare, a shafe shi da kwalta da kitse. Jirgin gwamnati yana da tashar da zai shiga a yi masa wannan. Ɗan fashi sai ya nemi lungu, kuma lungunan da suka dace a gaɓarmu ba su da yawa: bakin kogin Saliyo, da Tsohuwar Kalaba, da Cape Lopez. Roberts ya shiga Kalaba a ƙarshen 1721 don wannan aiki, mutanen garin suka ƙi ciniki da shi da suka gane ko shi wane ne, har aka gwabza faɗa. Duk kyaftin da ya san gaɓar ya san cewa in ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya zai same su, ga kuma ruwan sha da itacen girki da suke tilasta musu sauka ko da jirgin bai buƙaci gyara ba.